Wata 6 Ko Wata 12: Muhawara Kan Hukuncin Masu Takardun Bogi A Ingila

A shekarar 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila da Wales ta saurari ƙarar wata mata 'yar Najeriya da aka yanke wa ɗaurin wata 12. Da izini ta shiga ƙasar, izinin ya ƙare ba ta fita ba, sai ta samo fasfo na bogi ta nuna aka ɗauke ta aiki a gidan kula da gajiyayyu. Fasfon nan shi ne laifin da aka gurfanar da ita a kai. Ta amsa laifinta, kuma ba a taɓa kama ta da wani laifi ba kafin wannan. Alƙalan suka rage ɗaurin zuwa wata 6. Lauyoyi suna kiran hukuncin da sunan shari'ar Ovieriakhi, kuma tun daga lokacin da wuya a yi roƙon sassauci a irin wannan laifi ba a ambace shi ba.

Wasu sun ga adalci a wannan ragi, wasu sun ga sakaci. Masu ganin sakaci suna cewa kotu ta buɗe ƙofar da zai yi wuya a rufe, domin duk wanda aka kama da takardar jabu zai ce aiki ya je nema. Masu ganin adalci kuwa suna cewa wata 6 ɗin ma ya yi yawa ga macen da ta yi ƙarya don ta samu damar wanke tsofaffi da ba su abinci. Batun ya shafe mu ta hanya biyu. 'Yan Najeriya da 'yan Ghana suna da yawa a Birtaniya, kuma a cikinsu akwai waɗanda takardunsu suka mutu. Sannan Bahaushe ba baƙo ba ne ga zaman da babu takarda: kowa ya san labarin 'yan takari a Makka da Jidda, da fargabar wanda ba shi da igama idan ya hango askarawa.

Dokar da ake aiki da ita a yau ita ce Dokar Takardun Shaida ta 2010, wadda ta maye gurbin wata ta 2006. Sashe na 4 ya shafi wanda aka samu da takardar shaida ta jabu, ko wadda aka samo ta hanyar ƙarya, ko ta gaskiya amma mallakar wani, alhali yana da niyyar amfani da ita don a ɗauke shi a matsayin da ba nasa ba. Mafi girman hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne, kuma babbar kotun laifuka ce kaɗai ke sauraronsa. Sashe na 6 ya shafi riƙe irin wannan takarda ba tare da uzuri mai ma'ana ba, ko da ba a tabbatar da wata niyya ba, hukuncinsa bai wuce shekara 2 ba. Takardar shaida a nan ta haɗa da fasfo, da takardun shige da fice, da lasin tuƙi. A lura da maganar takardar wani. Mutane da dama suna zaton idan fasfon na gaske ne, na ɗan'uwa ko na aboki, babu laifi. Doka ta haɗa su a sashe ɗaya da jabu, kuma mai takardar da ya ba da aro shi ma yana iya shiga ciki.

Tsakanin sifiri da shekara 10 akwai fili mai faɗi, kuma alƙalan ɗaukaka ƙara ne suka riƙa shata shi a hankali. A ƙarshen shekarun 1990 abin da aka saba yanke wa mai amfani da fasfon jabu shi ne wata 6 zuwa 9. A 2004, a shari'ar Kolawole, kotu ta ce zamani ya sauya, abubuwan da suka faru a duniya a 'yan shekarun nan sun ƙara wa jama'a damuwa, don haka ma'aunin ya koma wata 12 zuwa 18, ko da mutum ya amsa laifi kuma ba shi da tabo. Kowa ya gane harin 11 ga Satumba 2001 ake nufi. A 2005 sai ga shari'ar Mutede, inda wata mata da ta shigo ƙasar bisa ƙa'ida ta yi amfani da wasiƙun jabu na hukumar shige da fice don samun aiki, aka rage mata daga wata 14 zuwa 6. Hukuncin 2009 ya haɗa zaren biyu: abin dubawa shi ne me aka yi da takardar. Wanda ya tsallaka iyaka da ita yana kan ma'aunin Kolawole, wanda ya nemi aiki ko ya buɗe asusun banki da ita ana iya sassauta masa.

Bari in fara da hujjar masu tsanantawa, domin ba hujjar banza ba ce, kuma masu tausayi sukan wuce ta da sauri. Fasfo amana ce tsakanin ƙasashe. Jami'in da ke zaune a filin jirgin sama na Heathrow bai san mutumin da ke gabansa ba, bai san garinsu ba, ba shi da mai unguwar da zai tambaya. Takarda kaɗai ke gare shi. Idan takarda ta daina zama abin yarda, wahalar tana komawa kan masu gaskiya, kuma 'yan Najeriya sun fi kowa sanin wannan: irin tambayoyin da mai koren fasfo ke sha a filayen jiragen sama na duniya, wani ɓangarensu bashin da masu jabu suka ci ne ake biya. Sannan haɗarin ba tatsuniya ba ne. Hussain Osman, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi yunƙurin tayar da bama-bamai a Landan ranar 21 ga Yuli 2005, ya sulale daga ƙasar ta jirgin ƙasa da fasfon da ba nasa ba, sai a Rum aka kama shi. Alƙalin da ya tuna da wannan ba za a ce ya yi zalunci ba idan ya ɗauki fasfon wani da muhimmanci.

Har a wurin aikin ma, in ji su, ƙaryar ba ta rasa wanda take cutarwa. Gidajen kula da tsofaffi da yara a Ingila ba sa ɗaukar ma'aikaci sai an binciki tarihinsa, ko ya taɓa cin zarafin wani, ko an hana shi kusantar masu rauni. Binciken nan da suna ake yin sa. Wanda ya zo da sunan da ba nasa ba ya rushe binciken gaba ɗaya, ko da shi kansa mutumin kirki ne, domin ƙofar da ya bi ita ce mugu zai bi gobe. Tsohuwar da ba ta iya tashi daga gado ba ta da wata kariya sai wannan bincike. Akwai kuma wanda aka yi amfani da sunansa ba da saninsa ba, wanda zai wayi gari da harajin aikin da bai yi ba, ko bashin da bai ci ba. Ga kuma dubban da suka bi layi, suka biya kuɗin biza mai tsada, suka jira watanni, wasu aka hana su suka haƙura. Idan mai jabu zai tashi da gargaɗi kawai, me za a ce wa waɗannan?

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ta kasuwa. Babu mai buga fasfon jabu don nishaɗi. Sana'a ce ta gungun masu laifi, kuma gungun da ke sayar wa mai neman aiki shi ne ke sayar wa mai safarar mutane da ɗan damfara. Kuɗin mai neman halak da na mugu a aljihu ɗaya suke taruwa. Saboda haka ne kotunan Ingila suka daɗe suna cewa laifin nan, in ba a wani yanayi na musamman ba, sai an shiga gidan yari, don ya zama izina ga na baya.

Duk wannan na yarda da shi a matsayin dalilin da ya sa abin ya zama laifi. Inda na rabu da su shi ne a kan cewa ɗauri ne amsar kowane mai wannan laifi. Dalili na farko shi ne yadda ƙasar da kanta ta tsara rayuwar wanda ba shi da takarda. A 2012 Theresa May, tana ministar harkokin cikin gida, ta faɗa a fili cewa burinta shi ne a ƙuntata wa baƙin da ba su da izini har zama ya gagare su. Dokar shige da fice ta 2014 ta ɗora wa masu gidajen haya binciken takardun 'yan haya, ta kuma hana bankuna buɗe wa marasa izini asusu. Dokar 2016 ta mayar da yin aiki ba da izini ba laifi mai zaman kansa. Ba aiki, ba ɗaki, ba asusu. Mai neman mafaka, wanda zamansa na halal ne har a yanke hukunci kan buƙatarsa, shi ma an hana shi aiki sai ya shekara yana jira, sannan a ba shi dama a wasu ayyuka ƙalilan. Abin da ake ba shi na kashewa bai wuce kusan fam 49 a mako ba. Mutumin da aka toshe wa kowace hanya ta halal, idan ya bi ta haram ya yi laifi, amma wanda ya toshe hanyoyin bai kamata ya yi mamaki ba.

Masu tsanantawa za su ce hanya ɗaya a buɗe take kullum, wato ya koma gida. Ga wasu gaskiya ne. Ga wasu kuwa maganar ta fi sauƙi a baki. Dubi abin da ya faru da ma'aikatan kula da gajiyayyu. A Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe musu ƙofar biza saboda ƙarancin ma'aikata, 'yan Najeriya da Ghana da Zimbabuwe da Indiya suka yi tururuwa. Da yawa sun sayar da gona ko gida, ko sun ci bashi, suka biya dillalai maƙudan kuɗi. Wasu suka isa suka tarar babu aikin, ko kuma sa'o'in da ake ba su ba sa ciyar da mutum. Gwamnati ta soke lasin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024, kuma bizar ma'aikaci a ɗaure take da kamfanin da ya kawo shi. Wanda aka damfara, ga bashi a gida, ga 'ya'ya, ga izini na shirin mutuwa, shi ne dillalin takardu ke nema. Wani lokaci ma ba jabu ake ba shi ba, sunan wani ake ba shi haya: ya yi aikin, albashi ya faɗa asusun mai suna, mai suna ya yanki rabonsa ya miƙa masa saura. Idan asiri ya tonu, wanda ya yi gumin ne ake fara kamawa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun Fabrairun 2024 tarar da ake ci wa mai ɗaukar ma'aikaci marar izini ta kai fam 45,000 kan kowane mutum a karon farko, da fam 60,000 idan aka maimaita. Amma idan mai kamfani ya nuna ya duba takarda yadda doka ta tsara, kuma jabun ba mai bayyana ba ne, ya kuɓuta. Ga mai gaskiya wannan kariya ce da ta dace. Ga marar gaskiya kuwa, wanda ya san sarai abin da ake ciki, kwafin fasfon jabun da ya ajiye a fayil shi ne garkuwarsa. Ya samu ma'aikacin da ba zai taɓa kai ƙara ba, ba zai ƙi aikin dare ba, ba zai nemi ƙarin albashi ba. Takarda ɗaya ta kai ma'aikaci kurkuku ta kuma wanke ubangidansa.

A nan nakan tuna da hukuncin Sayyadina Umar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kan bayin Haɗib da suka saci raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Umar ya fara ba da umarnin a yanke hannuwansu, sannan ya lura cewa ubangidansu yana barin su da yunwa, sai ya juya ya ɗora masa tara mai nauyi. Bai ce satar ta halatta ba. Ya duba wa ya jefa su ciki. Malamanmu suna koyar da cewa larura tana sauƙaƙa hukunci, suna kuma ƙarawa da cewa ana auna ta ne gwargwadonta. Wannan ƙarin yana da muhimmanci, domin ba kowane mai takardar bogi ne ke cikin larura ba. Akwai wanda aka kora saboda mugun laifi ya dawo da sabon suna. Akwai mai fasfo uku yana buɗe asusu yana wanke kuɗin damfara. Waɗannan ba su da rabo a labarin bayin Haɗib, kuma lauyan da ya jera su a sahu ɗaya da mai share asibiti yana ɓata wa mai share asibitin roƙonsa.

Maganar tsaro ma tana da fuska biyu. Lokacin da jirgin Malesiya mai lamba MH370 ya ɓace a Maris 2014, an gano mutum biyu sun shiga da fasfunan sata, ɗaya na Italiya ɗaya na Ostiriya. Duniya ta ɗauka an samu bakin zaren. Bayan kwanaki hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta bayyana cewa samari ne 'yan Iran da alamu suka nuna Turai suke son shiga, ba ta'addanci ya kawo su ba. Takardar jabu tana iya kasancewa a hannun ɗan ta'adda, amma mafi yawan lokaci a hannun mai neman inda zai zauna take. Ma'aunin da aka ɗaga saboda tsoron na farko, na biyun ne yake ɗauka.

Sai batun izina. Mutumin da ke tsoron a mayar da shi inda ya gudo, ko wanda 'ya'yansa ba su ci ba, ba ya zama ya lissafa bambancin wata 6 da wata 9. Yawancinsu ba su ma san akwai wani ma'auni ba. Abin da ke tabbas shi ne kuɗin da ɗaurin ke ci: gurbin fursuna ɗaya a Ingila da Wales ya haura fam 50,000 a shekara. A Satumbar 2024 yawan fursunoni ya wuce 88,000, gidajen yari suka cika har gwamnati ta fara sakin wasu tun wa'adinsu bai kai inda aka saba ba. Kwamitin da tsohon ministan shari'a David Gauke ya jagoranta ya ba da shawara a Mayun 2025 cewa a daina gajeren ɗauri sai a yanayi na musamman, domin binciken ma'aikatar shari'a ya nuna masu gajeren ɗauri sun fi komawa laifi a kan waɗanda aka yi wa hukunci a waje. Ƙasar da ke neman gadon da za ta kwantar da mai fashi ba ta da dalilin ba mai wanke kwanuka gadon.

Akwai wani abu da ya sa lambar 12 ta fi kowace lamba nauyi a wannan muhawara. Dokar Iyakokin Birtaniya ta 2007, sashe na 32, ta wajabta wa gwamnati tasa ƙeyar duk baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, sai fa idan korar ta saɓa wa haƙƙinsa na ɗan Adam ko yarjejeniyar 'yan gudun hijira. Ke nan ƙasan ma'aunin Kolawole ya faɗo daidai kan layin kora. Mai wata 11 da mai wata 12 kwana 30 ne tsakaninsu a takarda, amma na biyun an ɗora masa umarnin kora da ke hana shi dawowa muddin umarnin yana aiki, ko da matarsa da 'ya'yansa suna can. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce bai halatta alƙali ya rage hukunci don kawai ya kauce wa wannan layi ba. Na fahimci dalilin: majalisa ce ta ja layin, kuma ba a so baƙo ya samu ragin da ɗan ƙasa ba zai samu ba. Amma sakamakon shi ne alƙali yana yanke hukunci biyu da baki ɗaya, an kuma umarce shi ya runtse ido daga na biyun. Tunda haka ne, wajibi ne a tabbatar ba a kai mutum wata 12 ba sai laifinsa ya kai da gaske. Kada kuma wani ya ɗauka mai wata 6 ya tsira: idan ba shi da izinin zama, ana iya fitar da shi ta hanyar dokar shige da fice.

Wurin da tsarin ya fi yin ɓarna, a ganina, shi ne wajen 'yan gudun hijira na gaskiya. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, sashe na 31, ta hana a hukunta ɗan gudun hijira saboda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, idan ya zo kai tsaye daga inda rayuwarsa ke cikin haɗari, ya miƙa kansa ba da jinkiri ba, ya kuma nuna dalili. Hikimar a bayyane take: wanda gwamnatinsa ke farauta ba zai je ofishinta neman fasfo ba. A 1999, a shari'ar Adimi, wata babbar kotu ta gano ana ɗaure irin waɗannan mutane ba tare da kowa ya kula da yarjejeniyar ba, sai majalisa ta sanya kariyar a dokar shige da fice da mafaka ta wannan shekara. A 2008, a shari'ar Asfaw, kotu mafi girma a ƙasar ta ce kariyar ta shafi wata 'yar Habasha da aka kama a Heathrow tana ƙoƙarin wucewa Amurka. Duk da haka aka ci gaba da samun mutanen da suka amsa laifi saboda lauyoyinsu ba su gaya musu suna da kariya ba. A 2013, a shari'ar Mateta, kotu ta soke hukuncin wasu da wannan ya faɗa wa, bayan an riga an ɗaure su. Dokar 2022 kuma ta ƙara ƙuntata ma'anar zuwa kai tsaye, ta yadda wanda ya yada zango a wata ƙasa sai ya yi bayanin me ya hana shi neman mafaka a can.

Abin da ke jan mutane zuwa wannan rami shi ne ragin amsa laifi. Wanda ya amsa tun zaman farko ana cire masa kashi ɗaya cikin uku na hukunci, bayan nan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ranar fara shari'a kuwa kashi ɗaya cikin goma. Tsari ne mai amfani ga wanda ya san ya yi laifi kuma ba shi da kariya. Amma ka ɗauki mutumin da ya sauka jiya, ba ya jin Turanci sosai, yana magana ta bakin tafinta, lauya ya ce masa ka amsa yau ka fita da wuri. Zai amsa. Sai daga baya ya gane ya sayi tabon da zai bi shi duk inda ya je neman izini.

Masu kare tsarin suna cewa ai don haka aka yi ɗaukaka ƙara, kuma shari'o'in da na ambata shaida ce cewa tana aiki. Tana aiki, amma a makare. Wanda babbar kotun laifuka ta yanke wa hukunci yana da kwana 28 ya shigar da takarda. Alƙali guda zai fara dubawa ya ga ko akwai abin saurare. Kotun ba ta sake hukunci don kawai da ita ce da ta yanke ƙasa da haka, sai an nuna hukuncin ya wuce kima a fili ko an gina shi bisa kuskuren ƙa'ida. Wanda ya nace da ƙarar da ba ta da tushe ana iya ƙin lissafa masa wasu kwanakin da ya riga ya yi a tsare. Sannan mai gajeren ɗauri rabin wa'adi ko ƙasa da haka yake yi a ciki, saboda haka sau da yawa kafin a kira ƙararsa ya cinye mafi yawan zaman. Aiki ya tafi, ɗaki ya tafi, wataƙila hukuma ta ɗauke yaran. Ragin yana da amfani wajen sauko da shi ƙasa da wata 12, amma ga sauran asarar ihu ne bayan hari.

Saboda haka roƙon sassauci a kotun farko ya fi ɗaukaka ƙara daraja nesa ba kusa ba. Abubuwan da alƙalai ke saurare sanannu ne: cewa mutum ya shigo da izini tun farko, cewa takardar aiki kawai aka nema da ita ba tallafin gwamnati ko bashi ba, cewa ya biya haraji, cewa takarda ɗaya ce, cewa ba shi da tarihin laifi, cewa wani ne ya tilasta shi ko ya yi safararsa. Kotunan sun kuma amince cewa dole a duba halin da yara za su shiga idan aka ɗaure mai kula da su. Amma duk waɗannan ba a karɓar su da fatar baki. Takardar albashi, wasiƙar wurin aiki, takardar haihuwar yara, rahoton likita, shaidar limami ko shugaban al'umma da ya san mutum, su ne ke sauya hukunci.

Saura hujja ɗaya ta masu tsanantawa, kuma ita ce mafi ƙarfi. Suna cewa to, an yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ya fita daga kotu. Har yanzu ba shi da izinin aiki, ba shi da izinin haya. Gobe da me zai ci? Ba wata takardar zai nema ba? Gaskiya ne sassauci ba ya warware matsalarsa. Amma ɗauri ma ba ya warware ta: bayan 'yan watanni zai fito cikin halin da ya shiga, da ƙarin tabo. Matsalar zamansa ta hukumar shige da fice ce, ko ta ba shi izini ko ta fitar da shi, kuma tana da ikon yin ko wanne ba tare da gidan yari ba. Bai dace a sa kotun laifuka ta riƙa ɗaure mutane don cike giɓin da jinkirin wata ma'aikata ya bari ba.

Ga inda na tsaya. Riƙe takardar bogi laifi ne, kuma a hukunta shi. Mai buga ta da mai sayar da ita, da mai ba da hayar sunansa yana cin gumin wani, da wanda ya dawo bayan an kore shi, da wanda ya ɓoye mugun tarihi don ya kusanci yara ko tsofaffi, waɗannan gidan yari ya dace da su, kuma shekara 10 da doka ta tanada don manyansu aka yi ta. Wanda kuwa ya shigo da izini, ya yi ƙarya don ya yi aiki da hannunsa, ba a samu wanda ya cutar ba, kuma karonsa na farko ne, kamata ya yi a fara lissafinsa daga ɗaurin je-ka-gyara-halinka tare da aikin al'umma ba biya, sai in an ga dalilin da zai sa a haura. Hukuncin 2009 ya kama hanya da ya ce a dubi abin da aka yi da takardar, amma ya tsaya a rabi da ya bar ɗauri a matsayin abin da aka saba. A 2024 majalisar da ke tsara ma'aunin hukunci ta fitar da daftarin jagora kan laifukan shige da fice, har da waɗannan sassa biyu, don jin ra'ayin jama'a. A irin wannan rubutaccen ma'auni ya kamata bambancin ya zauna, yadda alƙalin farko zai gan shi tun ranar farko.

Ga mai ɗan'uwa a can kuwa, kada ka ƙarfafa masa gwiwar sayen takarda ko hayar sunan wani, kada kuma ka matsa masa da buƙatun gida har ka tura shi ga dillali. Idan ta riga ta faru an kama shi, a nema masa lauyan da ya san dokar laifuka da ta shige da fice duka biyu, kada ya amsa laifi sai ya tambaya ko kariyar 'yan gudun hijira ko ta waɗanda aka yi safararsu ta shafe shi, a tattara takardun sassauci tun kafin ranar hukunci, kuma idan hukuncin ya yi tsauri a shigar da ƙara kafin kwana 28 su cika.